Daga Tsokar Kaza Zuwa Idon Jariri: Tarihin Binciken Makarɓan Ƙwaƙwalwa

Ƙwayoyin jijiya da ke cikin ƙwaƙwalwa ba a manne suke da juna ba. Tsakanin kowace ƙwaya da wadda take aika wa saƙo akwai ɗan gibi wanda faɗinsa bai wuce kashi 20 zuwa 40 cikin miliyan na milimita ɗaya ba. Wannan wuri shi ne mahaɗa. Idan saƙo ya iso bakin gibin, ƙwaya ta farko sai ta fesa wani sinadari, ya tsallaka, ya sauka a kan wasu furotin da ke kafe a fatar ƙwaya ta biyu. Waɗannan furotin su ne makarɓai. Yawansu da irinsu da wurin da suka taru su ke sa saƙo ya shiga da ƙarfi, ko a raunane, ko ya wuce kamar ba a aiko shi ba. Yau an san cewa ba a gama jera makarɓai tun jariri yana ciki ba. Abin da ya gani, abin da ya ji, abin da ya taɓa, da motsin lantarkin da waɗannan ke tayarwa a jijiyoyinsa, suna ƙara wasu makarɓan, su kwashe wasu, su musanya wasu da wani iri. An shafe kusan shekara 100 kafin a kai ga wannan sani, kuma ba a ƙwaƙwalwa aikin ya faro ba. A tsoka ya faro.

A 1905 John Newport Langley na Jami'ar Kambirij a Ingila yana gwaji da tsokar ƙafar kaza. In ya ba da nikotin, sinadarin da ke cikin taba, tsokar sai ta ɗaure. In ya biyo da kurare, dafin kibiyar mafarautan Kudancin Amurka, sai ta saki. Ya yanke jijiyar da ke zuwa tsokar, ya bar ta har ta lalace, ya sake gwadawa, bai ga wani sauyi ba. Ke nan ba a kan jijiya magungunan suke aiki ba. Akwai wani abu a jikin tsokar kanta da ke karɓar su. Paul Ehrlich a Jamus ya riga ya kawo irin wannan tunani game da yadda dafi ke kama ƙwayoyin jiki, amma babu wanda ya ga makarɓi da idonsa, don haka masana da yawa suka ɗauke shi a matsayin hasashe har tsawon shekaru. Abin da ya fara ba shi gindin zama shi ne gwajin Otto Loewi a birnin Graz na Ostiriya a 1921, inda ya nuna da zukatan kwaɗi biyu cewa jijiya sinadari take saki. A 1936 Henry Dale da abokan aikinsa a Landan suka tabbatar cewa asetilkolin ne sinadarin da jijiya ke fesa wa tsoka. A wannan shekarar Loewi da Dale suka raba kyautar Nobel.

Tsokar da aka raba da jijiyarta tana da wata ɗabi'a da ta daɗe tana ɗaure wa masana kai. Maimakon ta dushe, sai ta ƙara jin sinadari fiye da lafiyayya. Walter Cannon na Harvard da Arturo Rosenblueth ɗan ƙasar Meziko sun rubuta littafi sukutum a kan wannan a 1949. Dalilin ya fito fili a 1959, lokacin da Axelsson da Thesleff a birnin Lund na Suwidin suka riƙa ɗiga asetilkolin wuri-wuri a tsawon zaren tsoka guda. A lafiyayyar tsoka, ɗan ƙaramin wurin da jijiya ta taɓa ne kawai ke amsawa. Bayan an yanke jijiyar da 'yan kwanaki, zaren gaba ɗaya, daga wannan baki zuwa wancan, sai ya fara amsawa. Makarɓai sun bazu ko'ina. A 1962 Diamond da Ricardo Miledi a Landan suka duba tsokar ɓera tun yana ciki, suka tarar haka take a farkon halitta: ko'ina tana jin sinadari, sai bayan jijiya ta iso ta kama aiki ne jin yake tsukewa ya koma wuri ɗaya. Yanke jijiya, ashe, mayar da tsoka halin jarirantaka yake yi.

Daga nan muhawara ta tashi. Wasu suka ce jijiya tana ɗauke da wani sinadarin reno da take shayar da tsoka, shi ne ke tsare makarɓai a wurinsu. Wasu suka ce aikin da jijiya ke sa tsoka yi, ɗaurewa da saki kullum, shi ne sirrin. Terje Lømo ɗan ƙasar Nowe da Jean Rosenthal suka raba gardamar a 1972 da gwaji mai sauƙin fahimta. Sun bar jijiyar ƙafar ɓera a haɗe da tsokarta amma suka hana saƙo bi ta cikinta da maganin kashe ciwo. Makarɓai suka bazu kamar an yanke ta. Sannan suka ɗauki tsokar da aka yanke wa jijiya, suka riƙa motsa ta kai tsaye da wutar lantarki. Makarɓan da suka bazu suka janye. Wannan gwaji ya nuna ƙarara cewa amfani da gaɓa yana iko da yawan makarɓanta. Masu maganar sinadarin reno ma ba su faɗi ƙasa banza ba, domin daga baya Jack McMahan na Jami'ar Stanford ya gano wani furotin, agirin, wanda bakin jijiya ke saki don ya tara makarɓai daidai ƙarƙashinsa. Jijiya tana tarawa a inda ta taɓa, motsin tsoka yana sharewa a sauran wurare. Wannan haɗin gwiwa tsakanin abin da halitta ta tsara da abin da aiki ya gyara shi ne za a yi ta cin karo da shi a duk matakan da suka biyo baya.

Kama makarɓin a hannu kuwa dafin maciji ne ya ba da dama. A 1963 Chang da Lee a Taiwan suka tace wani sinadari daga dafin wani macijin ƙasarsu wanda ke manne wa makarɓin asetilkolin ba ya saki. Da wannan dafi, da kuma naman kifayen da ke fitar da wutar lantarki irin yadda minjirya ke yi, wanda cike yake da makarɓai, Jean-Pierre Changeux a Faris ya ware furotin ɗin a 1970. A farkon shekarun 1980 ɗakin binciken Shosaku Numa a Kyoto ya karanto ƙwayoyin gadon da ke gina shi. A 1986 mutanen Numa tare da Bert Sakmann na Jamus suka nuna cewa makarɓin ɗan tayi da na babba ba iri ɗaya ba ne. Makarɓin yana da ɓangarori biyar, kuma ɗaya daga ciki ake cirewa a sa wani. A ɓera wannan musanya tana faruwa ne cikin mako biyu na farko bayan haihuwa. Na jarirai yana daɗewa a buɗe, na manya yana buɗewa ya rufe da sauri.

Duk wannan a tsoka ne. A ɓangaren ƙwaƙwalwa, tunani ya riga hujja da nisa. Tun 1894 Santiago Ramón y Cajal ɗan Sifen ya faɗa a wata lacca a Landan cewa motsa tunani yana iya ƙara rassan ƙwayoyin jijiya da ƙarfin haɗinsu. A 1949 Donald Hebb na Jami'ar McGill a Kanada ya tsara maganar ta zama ƙa'ida: idan wata ƙwaya tana yawan taimakawa wajen tayar da wata, haɗin da ke tsakaninsu zai ƙara ƙarfi. Hebb masanin halayyar ɗan Adam ne, ba shi da kayan aikin da zai leƙa mahaɗa. Ƙa'idarsa ta zauna tana jiran wanda zai gwada ta.

Ido ne ya zama fagen gwajin, kuma likitocin ido sun daɗe da ganin alamu. A 1728 William Cheselden, likitan fiɗa a Landan, ya ba da labarin wani yaro ɗan kimanin shekara 13 da aka kawar wa yanar ido da ya tashi da ita. Haske ya shiga, amma yaron ya kasa bambanta kyanwa da kare da ido sai ya shafa su. Tsohon da yana ta rufe wa ido shekaru, da an cire ta yakan gani nan take. Yaron da aka haifa da ita kuwa, in an makara, idon zai yi garau amma ganin ba zai zo daidai ba. A 1947 Austin Riesen a Fulorida ya reni 'ya'yan birin cimfanzi a cikin duhu wata 16, suka fito suna yi kamar makafi. Amma ba a san a ina ɓarnar take ba, a ido ko a ƙwaƙwalwa.

David Hubel, haifaffen Kanada, da Torsten Wiesel ɗan Suwidin sun haɗu a 1958 a ɗakin binciken Stephen Kuffler a Jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimore, shekara ɗaya bayan haka suka bi shi zuwa Harvard. Sana'arsu ita ce zura siririyar waya cikin ɓawon ƙwaƙwalwar kyanwa, a sashen gani da ke bayan kai, su saurari ƙwaya guda tana tartsatsi ta lasifika yayin da suke haska siffofi a allo. Sun gano cewa kowace ƙwaya tana da irin layin da take so, wata a tsaye, wata a kwance, wata a karkace, kuma kusan huɗu cikin kowace biyar suna amsa wa idanu biyu. Da suka gama fahimtar lafiyayyar ƙwaƙwalwa sai suka juya ga tambayar likitoci. Suka ɗinke fatar ido ɗaya na 'yan kyanwa kafin su fara gani, suka bar su wata biyu zuwa uku, sannan suka buɗe. Idon lafiya lau yake, yana amsa haske. Tashar da ke tsakanin ido da ɓawon ƙwaƙwalwa ma tana aiki, ko da yake ƙwayoyinta sun ƙanƙance. Amma a ɓawon ƙwaƙwalwa, cikin ƙwayoyi 84 da suka saurara, 83 ba su ko motsa wa idon da aka rufe ba. An buga wannan a 1963. A shekarar kuma suka nuna cewa 'yan kyanwar da ba su taɓa gani ba tuni suna da ƙwayoyin da ke zaɓen layi kuma suna amsa wa idanu biyu. Wato rufe ido ba hana ginin tashi ya yi ba, rushe abin da aka haife su da shi ya yi.

Gwajin da ya fi koyarwa shi ne na 1965. Sun rufe idanu biyu gaba ɗaya, suna zaton ɓarnar za ta ninka. Sai suka tarar ƙwayoyi da yawa suna amsawa, kuma ga kowane ido. Rufe ido ɗaya ya fi yi wa wannan idon illa fiye da rufe duka biyun. Ba rashin amfani kaɗai ne ke kashe haɗin ba. Takara ce tsakanin idanun biyu a kan ƙwayoyi guda, kamar rumfar kasuwa da mai ita ya daina fitowa, maƙwabcinsa ya shimfiɗa kayansa har cikinta. A wani gwajin suka yanke tsoka ɗaya ta ido don ɗan kyanwa ya tashi harara-garke. Kowane ido yana samun haske daidai da ɗan'uwansa, kowanne yana gani, amma ba abu ɗaya suke kallo a lokaci ɗaya ba. Ƙwayoyin da ke amsa wa idanu biyu suka sauko daga kusan kashi 80 cikin 100 zuwa kusan kashi 20. Wannan ya nuna cewa ƙwayar da ke karɓa tana lura da waɗanne saƙonni ke isowa tare, ta riƙe su, ta saki wanda ya zo shi kaɗai ba a kan lokaci ba. A 1970 suka auna lokacin da hakan ke yiwuwa: a kyanwa yana farawa wajen mako na huɗu, ya yi ƙarfi har zuwa mako na shida zuwa na takwas, ya dushe wajen ƙarshen wata na uku. A tsakiyarsa rufewar kwana uku ko huɗu ta isa ta yi ɓarna. Babbar kyanwa kuwa an rufe mata ido fiye da shekara, ba a ga wata ɓarna ba. Gwaje-gwajen masu tsanani ne ga dabbobin, kuma bai kamata a ba da tarihin a ɓoye wannan ba. Abin da aka samu daga gare su ya sauya yadda ake kula da idon jarirai a duk duniya. Hubel da Wiesel sun karɓi Nobel a 1981 tare da Roger Sperry.

Wanda ya haɗa labarin tsoka da na ido shi ne Gunther Stent na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley. A wata maƙala ta 1973 ya ce: tunda motsin lantarki yana share makarɓai daga sassan tsoka da jijiya ba ta taɓa ba, mai yiwuwa haka abin yake a ƙwaƙwalwa. Duk lokacin da ƙwaya ta tashi, mahaɗun da suka taya ta tashi za su tsira da makarɓansu, waɗanda suka yi shiru a lokacin kuma a kwashe musu nasu. Babu hanyar gwada wannan a zamaninsa, domin ko sinadarin da ƙwayoyin gani ke aika wa juna ba a tabbatar ba tukuna.

A wannan shekarar ta 1973 Tim Bliss da Lømo, wanda ya yi gwajin tsoka, suka buga sakamakon aikin da suka yi a ɗakin binciken Per Andersen a Oslo. Sun nuna a hifokamfus na zomo, sashen da ke da hannu a ajiye tunani, cewa in an motsa wata hanya da ƙarfi na 'yan daƙiƙoƙi, mahaɗunta suna ƙara ƙarfi na sa'o'i. Ga ƙa'idar Hebb a zahiri. Sinadarin da ke aiki a nan shi ne gulutamet, wanda David Curtis da Jeff Watkins suka fara nazarinsa a Kanbera ta Ostareliya tun ƙarshen shekarun 1950. Watkins masanin haɗa sinadarai ne, kuma haƙurinsa na shekara 20 yana ƙera sinadarai masu kama da gulutamet shi ya nuna cewa makarɓansa iri-iri ne. Biyu suka fi muhimmanci: AMPA, mai isar da saƙon yau da kullum cikin sauri, da NMDA. A 1983 Graham Collingridge da abokansa a Vancouver suka toshe NMDA da magani; saƙo ya ci gaba da wucewa, amma mahaɗa ta daina ƙara ƙarfi. Dalilin ya bayyana a 1984 daga ɗakuna biyu, na Philippe Ascher da Linda Nowak a Faris, da na Mark Mayer da Gary Westbrook. Ramin da ke tsakiyar makarɓin NMDA a toshe yake da ƙwayar magnisiyom. Ko gulutamet ya sauka a kansa ba zai buɗe ba sai in ƙwayar da ke karɓa ita ma a tashe take a daidai wannan lokaci, domin tashin nata ne ke ture toshiyar. In sharuɗɗan biyu sun cika, sai kalsiyam ya kwarara ciki, shi kuma ya tayar da jerin ayyukan da ke sauya mahaɗar. Makarɓi guda, saboda yadda aka gina shi, yana iya shaida cewa mai aike da mai karɓa sun motsa tare. Wannan shi ne abin da gwajin harara-garke ya nuna dole akwai shi.

Ba a ɓata lokaci ba aka koma ga dabbobi masu tasowa. A 1987 Kleinschmidt, Mark Bear da Wolf Singer a Frankfurt suka ɗiga maganin toshe NMDA a ɓawon ƙwaƙwalwar 'yan kyanwa da aka rufe wa ido ɗaya, sai karkatar da aka saba gani zuwa buɗaɗɗen ido ta kasa faruwa yadda ya kamata. Martha Constantine-Paton kuwa ta riga ta dasa wa 'ya'yan kwaɗi ido na uku tun 1978, ta ga yadda zaruruwan idanu biyu da aka tilasta wa wuri ɗaya suka rabu layi-layi. A 1987 ita da Hollis Cline suka toshe NMDA, layukan suka cakuɗe. Da aka janye maganin suka sake rabuwa.

Bayan an karanto ƙwayoyin gadon makarɓan gulutamet, na AMPA a 1989 a ɗakin Stephen Heinemann, na NMDA a 1991 a ɗakin Shigetada Nakanishi, sai aka ga abin da aka gani a tsoka ya maimaitu. Hannah Monyer da Peter Seeburg a Heidelberg suka nuna a 1994 cewa ƙwaƙwalwar sabon haihuwa cike take da ɓangaren makarɓin NMDA da yanzu ake kira GluN2B, mai barin makarɓi ya daɗe a buɗe, sannan a makonnin farko GluN2A, mai saurin rufewa, yake ƙaruwa. Tun 1992 Carmignoto da Vicini sun lura cewa ɓerayen da aka rena a duhu wannan sauyi yana jinkiri a sashen ganinsu. A 1999 Elizabeth Quinlan da abokanta a ɗakin Bear suka fitar da irin waɗannan ɓeraye zuwa haske, cikin sa'a ɗaya aka fara ganin GluN2A ya ƙaru a mahaɗu. In an mayar da su duhu na kwanaki, sai ya sake raguwa. Gani da kansa yana sauya ginin makarɓin da ke yanke wa gani hukunci.

A gefen AMPA ma an sami abin da ba a zata ba. A 1995 ƙungiyoyi biyu, ta Roberto Malinow da ta Robert Malenka da Roger Nicoll, suka gano mahaɗu masu NMDA kaɗai, babu AMPA. Irin waɗannan bebaye ne: gulutamet yana isowa amma ba a jin komai. Suna da yawa a ƙwaƙwalwar jarirai, kuma in suka motsa tare da maƙwabtansu sai a cuso musu AMPA su fara magana. A 2003 Takahashi, Svoboda da Malinow suka nuna cewa shafe-shafen da ɗan ɓera ke yi da gashin bakinsa yana tura AMPA cikin mahaɗun sashen taɓawa, in an aske gashin kuma abin ya tsaya. A wannan shekarar Arnold Heynen da Bear suka rufe wa ɓeraye masu tasowa ido ɗaya na sa'a 24, suka tarar an janye makarɓan AMPA daga fatar ƙwayoyin da wannan ido ke ciyarwa zuwa cikinsu. Hasashen Stent ya tabbata bayan shekara 30, ko da yake ta hanyar da ta bambanta da wadda ya zana. Gina Turrigiano ta Jami'ar Brandeis ta ƙara wani gefe a 1998: in an hana ƙwayoyin jijiya motsi kwana biyu, kowace tana ƙara makarɓai a duk mahaɗunta baki ɗaya, in motsin ya yi yawa ta rage. Da haka ƙwaƙwalwar da ke ta sauyawa ba ta mutuwa shiru, ba ta kuma hauhawa ta kai ga farfaɗiya.

Kuskure ne a ɗauka cewa duk motsin da ke gyara makarɓai daga waje yake zuwa. A 1988 Galli da Maffei a birnin Pisa na Italiya suka ji ƙwayoyin idon ɓera suna tartsatsi tun yana ciki, babu haske. A 1991 Carla Shatz da abokanta a Stanford suka nuna cewa wannan motsi igiya-igiya yake ratsa bayan ido, kowane ido da lokacinsa, wanda ya isa ya fara raba hanyoyin idanun biyu. Horton da Hocking suka tabbatar a 1996 cewa biri ana haihuwarsa da wannan rabo a ɓawon ƙwaƙwalwarsa. Jijiyoyi suna atisaye da kansu kafin duniya ta shigo. Abin da aka gani bayan haihuwa yana daidaita ginin ne, ya kuma tsare shi daga rushewa.

Me ke buɗe lokacin sauyi, me ke rufe shi? Amsar ta zo daga makarɓan wani sinadari dabam, GABA, wanda aikinsa kwantar da ƙwayoyi ne. A 1998 Takao Hensch da Michael Stryker da abokansu suka yi aiki da ƙananan ɓeraye da aka rage wa GABA ta hanyar gado. Rufe ido bai karkatar da ƙwaƙwalwarsu ba. Lokacin bai buɗe ba sam. Da aka ɗiga musu diyazefam, maganin da ke ƙara wa makarɓan GABA ƙarfi, sai ya buɗe. A lafiyayyun 'ya'ya ma maganin yana buɗe shi kafin lokacinsa. Rufewa kuwa an gano birki ake taka masa: wata raga ta furotin da sukari da ke naɗe wasu ƙwayoyi, wadda mutanen Maffei suka narkar a 2002 suka ga babban ɓera ya koma sauyawa, da wani furotin, Lynx1, da ke danne makarɓan asetilkolin, wanda Morishita da Hensch suka bayyana a 2010.

Akwai reshe guda na wannan tarihi da ya fita daga gani ya shiga reno. Michael Meaney na McGill ya lura cewa iyayen ɓeraye mata sun bambanta wajen lasar 'ya'yansu a makon farko. A 1997 ɗakinsa ya nuna cewa 'ya'yan da aka fi lasa suna girma da ƙarin makarɓan sinadarin firgici a hifokamfus, saboda haka jikinsu yana saurin sauka bayan tsoro. A 1999 suka musanya 'ya'ya tsakanin iyaye, 'ya'yan suka bi halin wadda ta rene su, ba wadda ta haife su ba. A 2004 Ian Weaver, Moshe Szyf da Meaney suka gano cewa lasar tana cire wata alamar sinadari daga kan ƙwayar gadon makarɓin, a riƙa karanta ta da yawa har girma. An yi ta ɗaukar wannan sakamako ana ɗora wa mutane kai tsaye, abin da ya wuce hujjar da ke ƙasa, domin renon ɗan Adam ya ƙunshi abubuwa da yawa da ɓera bai sani ba. Abin da gwajin ya tabbatar shi ne taɓawar uwa tana iya kaiwa har ga yawan makarɓi.

A asibiti, ido ne ya fi cin moriyar wannan dogon aiki. A da akan jinkirta fiɗar jaririn da aka haifa da yanar ido har ya yi ƙwari. Bayan Hubel da Wiesel aka juya, kuma binciken Eileen Birch da David Stager a Dallas a 1996 ya nuna cewa in yanar a ido ɗaya take, sakamako mafi kyau yana samuwa ne in an yi aikin cikin mako shida na farko. Bayan fiɗa ana rufe lafiyayyen idon na wasu sa'o'i kullum don mai rauni ya ƙwato wurinsa, dabarar da likitoci suka sani tun ƙarni na 18 amma sai yanzu aka fahimci dalilinta. Wannan ya shafi kowace uwa da ta ga fari a ƙwayar idon jaririnta, ko ta ga idon yaro ya karkace, aka ce mata ta bari zai girma ya daina: kowane watan jira yana rage abin da fiɗa ko tabarau za su iya dawowa da shi. A kunne ma haka ne, domin Anu Sharma ta nuna a 2002 cewa yaran da aka dasa wa na'urar ji kafin shekara uku da rabi sashen jinsu na ƙwaƙwalwa yana tasowa kusan daidai da na sauran yara.

Ƙoƙarin sake buɗe lokacin sauyi bayan ya rufe yana ci gaba. A 2006 ɗakin Quinlan a Jami'ar Maryland ya ajiye manyan ɓeraye kwana 10 a duhu, makarɓan NMDA nasu suka karkata zuwa irin na ƙuruciya, sashen ganinsu ya koma sauyawa. A 2013 Kevin Duffy da Donald Mitchell a Halifax ta Kanada suka yi wa 'yan kyanwa masu raunin ido ɗaya irin wannan zaman duhu na kwana 10, ganin idon ya dawo. A mutane har yanzu maganin da aka dogara da shi shi ne tabarau, rufe lafiyayyen ido, ko ɗiga masa atirofin don ya dushe na ɗan lokaci. Manyan gwaje-gwajen da likitocin idon yara suka yi a Amurka sun nuna cewa 'yan shekara 7 zuwa 12 ma suna samun ci gaba da wannan magani, amma waɗanda aka fara wa kafin shekara bakwai su suka fi amfana.